Ganuwar Toka a Bakin Gulbi

A shekarar da aka fara fitar da man fetur ɗin Sudan zuwa ƙasashen waje, lokacin da rediyo ba ta da zance sai na bututu da jiragen dakon mai, a shekarar ne gulbi ya tafi da kabarin mahaifina. Mutane suna tuna ta da murna, ni kuwa da wannan nake tuna ta.

Ƙauyenmu yana gabar Shuɗin Nilu, tsakanin Sinnar da Suki. Mahaifina malami ne, shi ya ɗora hannuna a kan alƙalami ya koya mini ajami, kuma manomin lemun tsami ne a jarafinsa, wato gonar da ke bakin ruwa. Bayan jarafin nan makabartar gari take. Da ajalinsa ya matso, ya bar wasiyya a binne shi ɗan gaba da makabartar, ƙarƙashin itatuwan bagaruwa inda yake shimfiɗa buzu yana kwafar littattafai. Haka muka yi masa, Allah ya jiƙansa.

Wanda jarafinsa ya yi iyaka da namu ta kudu ɗan goggona ne, taubashina. A wasanmu ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa kamar mutane ba. In ce masa, “Bawa, ka share ƙofar gidana kuwa?” Ya ce, “Malamin da bai iya ɗaure akuya ba, wa ya ba ka bawa?” Ko a gidan rasuwa muka haɗu sai mun ciji juna a hankali. Kuma ina sonsa a wancan zamani, wannan gaskiya ce.

Da gine-gine suka yawaita a Sinnar, sai ya bar noma ya kafa kamina a jarafinsa. Kamina ita ce inda ake ƙona jan bulo: a haƙi lakar bakin gulbi, a kwaɓa da kashin shanu, a buga, a shanya, a jera shi kamar ɗaki da ƙofofin wuta a ƙasa, a cusa itace. Abu biyu take ci, ƙasa da itace, kuma ba ta ƙoshi. Ya haƙa ya haƙa har raminsa ya taɓo iyakarmu. Ya sare bagaruwar gefensa, sannan ya shiga ta kan iyaka, wadda saiwoyinta suke riƙe da gaɓar. Na je na same shi, na ce, “Kawunka yana kwance a nan. Ka ja da baya.”

Ya ce, “Kawu ya riƙe gari da addu'a yana da rai, gaɓa ce za ta gagare shi?”

Damira ta zo, wato cikar gulbi, da jan ruwa mai nauyi. Ruwan ya shiga raminsa ya yi ta juyi yana cin gaɓar ta ƙasa. Da hantsi ne, ina cikin lemu, na ji ƙara kamar an kayar da katanga. Kafin in iso, wurin da buzun mahaifina yake zama da wurin da muka kwantar da shi duk sun zama ruwa. Masunta suka bi da kwalekwale har nesa. Ba a sami komai ba.

Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, gaban jama'a, na tsaya na ce masa, “Raminka ya jefa ubana a ruwa.”

Da ya sunkuyar da kai ya ce kaico, da maganar ta mutu a nan. Amma ya dubi mutane, ya ga idanu a kansa, sai ya gudu ya ɓuya inda muka saba, wato cikin wasa. Ya yi murmushi ya ce, “Ya ubangidana, ni ruwa ne? Ka kai ƙarar gulbi. Ai niyyar Makka ta kawo kakanninmu ƙasar nan suka tsaya a hanya. Ga kawu nan ya ci gaba da tafiya.”

Wasu suka yi dariya kafin su gane abin da suke yi wa dariya. Na juya ga dattawa. Babbansu ya dafa ni ya ce, “Malam, wasan taubasai ne. Ba a kai shi gaban alƙali, ba a riƙe shi a zuci.” Wannan ne ya fi ƙona ni. Da bare ne ya faɗa, da gari ya tsaya mini. Al'adar da ta ba mu izinin zagin juna don ƙauna, ita ya ɗauka ya lulluɓe laifinsa, kuma ba wanda zai iya yaye ta.

Daga ranar na daina wasa da shi. Ban ƙaurace masa ba, domin addini bai yarda ba. Sallama nake yi masa cikakkiya, in tambayi iyali da gajiya, in kira shi Alhaji bayan ya sauke farali, kamar yadda ake yi wa baƙon da ya sauka daga mota. Wanda ya san taubasantaka ya san babu zagin da ya kai wannan. Sau da yawa ya jefo mini wasa, in bar shi ya faɗi ƙasa. Daga baya ya daina.

Shekaru suka wuce, shi yana ƙara arziki. Ya sayi lori, ya buɗe shagon siminti a bakin hanya. Ni kuwa duk sanda iska ta juyo daga kudu, hayaƙin kaminarsa sai ya shigo mini har kan dadduma. Ban taɓa roƙon Allah ya kashe shi ba, ko ya taɓa masa ɗa. Abu guda nake roƙo bayan kowace farilla: in ga wutar nan ta mutu ina da rai, shi ma yana da rai. Ba ni da ƙarfi, ba ni da dukiya, amma ina da haƙuri, kuma ba duk haƙuri ne yafewa ba.

'Yata ta fari ita ta yi boko mai zurfi, ta karanta aikin injiniya na gine-gine a Madani. Bayan rabuwar Sudan ta Kudu, lokacin da komai ya yi tsada har buhun siminti ya zama abin kallo, ta dawo gida da wani ɗan dunƙule mai launin toka a jakarta. Ta ajiye shi gabana muna shan jabana, gahawarmu ta nan, ta miƙo mini guduma.

“Baba, fasa shi.”

Na buga. Gudumar ta yi tsalle. Na sake bugawa da ƙarfi, sai ɗan gefe ya ɓantare.

Ta ce babu ko cokali guda na siminti a ciki. Hausarta takan gaji a tsakiyar zance ta koma Larabci, ni kuma in jawo ta. Abin da na fahimta shi ne, a ƙasashen da ake ƙona kwal don samar da lantarki, akwai wata toka mai laushi da ke tashi da hayaƙi, ana tare ta a tara tsibi-tsibi. Sai aka gano idan aka kwaɓa ta da ruwan soda mai kaifi, irin ta masu yin sabulu, da wani ruwa mai kauri kamar zuma, aka zuba yashi da tsakuwa, sai ta daskare ta zama dutse. Mu ba mu da irin wannan toka, amma masana'antar sukari ta wajen Sinnar tana ƙona ɓawon raken da aka matse, tokar tana nan jibge ba mai so. Ita kaɗai ba ta kamawa sosai, sai an haɗa ta da garin fasassun jan bulo.

Ta daɗe tana yi mini bayanin yadda ake gasa dutse da wuta mai tsanani kafin a sami siminti, da hayaƙin da ke fita, da yadda yake ƙara wa duniya zafi. Na saurara domin 'yata ce. Amma tambaya guda kawai na yi mata.

“Wannan naki, ana hura masa wuta?”

“La, Baba. Leda baƙa za a rufa masa a bar shi a rana. Ranarmu ta isa.”

“Ba itace, ba lakar gaɓa?”

“Babu.”

Na ce alhamdu lillahi da ƙarfin da ya sa ta ɗago ta dube ni. Ta san uban da ya haife ta. Ta ce, “Baba, ni don itatuwa na kawo, ba don Alhaji ba.” Na ce, “Ke ki yi don itatuwa. Kowa da niyyarsa.”

A lokacin gulbi ya ci jarafinmu kaɗan-kaɗan har ya kusa jerin farko na makabarta. Muka yanke shawarar ganuwa za mu yi a gaɓar, da manyan bulo masu nauyi, a jera su a kishingiɗe kamar matakala, gindinsu a binne can ƙasa. Na sayar da amfanin lemu na shekarar muka sayo soda. Muka samo tsohon injin niƙa don niƙe fasassun bulo da muka tsinto a kangayen kaminun da aka bari. Keken jaki yana kawo toka, muna tankaɗewa.

Nan ne taubashina ya sami abin faɗa. Kowa a nan ya tashi da sanin cewa ba a taka toka da magariba, ba a zuba mata ruwan zafi sai da bisimilla, domin matattarar aljanu ce. Ya zauna a shagonsa yana cewa, “Malam zai gina wa mutanen ɓoye birni, kuma a kan iyayenmu. Ku jira ku ji kiɗa.” Gayyar da na kira ta farko, mutum kaɗan suka zo, su ma daga nesa suka tsaya. Wata tsohuwa ta aiko a ce mini in ji tsoron Allah, mijinta bai yi mini komai ba.

Ranar Juma'a na tafi masallaci da ƙoƙon tawadata. Bayan an sallame na ɗaga shi na ce, “Jama'a, wannan da me ake yin ta?” Suka ce da baƙin tukunya da ƙaro. Na ce, “Abin da wuta ta bari ke nan. Da shi muke rubuta sunan Allah a allo, mu wanke mu ba 'ya'yanmu su sha. Matanmu kuma da ruwan toka suke gyara miya tun daga Sakkwato. Wa ya taɓa jin kiɗa a cikinsa?” Liman ya yi dariya ya ce a yi bisimilla a kan kowane kwaɓi, shi ke nan. Haka aka yi. Duk kwaɓin da za a yi, ni nake tsayawa in yi bisimilla da ƙarfi yadda na nesa zai ji, 'yata tana gefe da safar hannu ta roba tana yi wa magina faɗa kada ruwan soda ya taɓa musu fata. Ya taɓa wasu, sun ji a jikinsu, daga nan suka fara kiranta muhandisa, wato injiniya, ba da wasa ba.

Muka faro daga arewa muna yin kudu, rani yana tafiya, ganuwa tana tafiya. Ta wuce gaban kabarin goggona, ta wuce na liman na da, ta wuce na mijin tsohuwar nan. Kabari ɗaya ne a kusurwar kudu ya fita daga layin jarafina ya shiga bayan jarafin taubashina, daf da tsohon raminsa. Na mahaifinsa ne. Da muka iso turken iyaka na ce a tsaya.

'Yata ta jawo ni gefe. Ta ce, “Baba, in muka tsaya a nan, ruwan da ganuwa ta tunkuɗe duk can zai koma. Kusurwar nan ba za ta daɗe ba.”

Na ce, “Na sani.”

“Mutumin da ke ciki bai yi maka laifi ba.”

“Nawa uban ma bai yi wa kowa ba. Ƙasar can ba tawa ba ce, ba ni da ikon gini a kanta. Mai ita yana da bulo, yana da siminti.”

Ta yi kwanaki ba ta zuba mini jabana da hannunta ba. Na sha wadda uwarta ta zuba.

Taubashina kuwa ya gina tasa, da jan bulonsa da simintinsa, a tsaye kamar katangar gida, kan ƙasar da ya riga ya ɓurme da haƙa. Damira ta zo. Kullum bayan asuba ina zuwa in zauna a saman ganuwata da carbi. Jan ruwa ya hau matakalar nan yana lasa, ya rufe rabinta, bai motsa bulo ko ɗaya ba. Tasa kuwa ruwa ya bi ta ƙarƙashi, ta tsage, ta kwanta gaba ɗaya kamar raƙumi. Daga nan gaɓar ta fara zubewa. Ina kallonsa yana gudu da buhunan yashi, shi da 'ya'yansa, rigarsa duk laka. Ban tashi ba. Abin da na ji a zuciyata sanyi ne, irin na mai azumi da ya kai ruwa bakinsa. Da ruwa ya fara ja, tsakanin kabarin da gaɓa bai fi mutum ya miƙa hannu ba. Kowa ya san damira mai zuwa za ta ƙarasa.

Liman ya gaya masa shari'a ta yarda a tone a mayar da mamaci wani wuri in akwai lalura. Amma wa zai so a riƙa nuna shi ana cewa ga wanda ya haƙa rami har sai da ya tone ubansa?

Taubashina ya zo mini da hantsi, ina ƙarƙashin rumfa ina gyara alƙalami. Ya tsufa, ban lura ba sai ranar. Ya tsaya bai zauna ba.

“Malam, ruwa zai tafi da tsohona.”

Na gama fiƙe alƙalamin, na gwada bakinsa a farce. Sannan na ce, “Alhaji, ni ruwa ne? Ka kai ƙarar gulbi.”

Na daɗe ina ajiye da kalmomin nan, ina juya su kamar yadda ake juya hatsi a rumbu don kada ya lalace. Na ga sun shige shi. Ya nemi bakin gadon igiya ya zauna, ya cire rawaninsa ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, “Ranar nan tsoro ne ya kama ni. Na ga idon mutane. Bakina ya riga ni.”

“A gaban mutane bakinka ya riga ka. A nan daga ni sai kaji.”

“Mi kake so?”

Na ce abu biyu. Na farko, ya tsaya inda ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗi wanda ya jefa kawunsa a ruwa, ba da wasa ba. Na biyu, garin bulo ya ƙare mana, kangaye duk mun tsince. Akwai kamina guda da ya gama ƙonawa, jan bulo lafiyayye yana jiran lori. Ita nake so, a farfasa ta duka a niƙe, kuma kada a sake hura wuta a wurin.

'Yata tana jinmu daga cikin gida. Ta leƙo ta ce, “Baba, tsibin fasassun da ke bayan kaminar ma zai kusa isa.”

Na ce, “Zai kusa. Ni duka nake so.”

Ya dube ta, ya dube ni, ya naɗa rawaninsa ya tafi.

Ranar Juma'a ya tashi bayan sallama. Da yawa daga waɗanda suka yi dariya a wancan karo sun riga mu gidan gaskiya, amma akwai saura, akwai 'ya'yansu. Ya ce, “Ni na haƙa ramin, ni na sare bagaruwar, an gargaɗe ni ban ji ba. Ni na jefa kawuna a gulbi. Abin da na faɗa ranar nan ba wasa ba ne, zalunci ne.” Ba wanda ya dafa ni ya ce in yi haƙuri.

Washegari aka fara fasa kaminar. Ya kawo ma'aikata, amma na ce jerin farko da hannunsa. Na sa aka kai mini buzu da jabana inuwar lorinsa, na zauna. Yana ɗauko bulo ja mai ƙara kamar ƙarfe, irin wanda yake ƙwanƙwasa wa masu saye, ya ajiye, ya ɗaga guduma. Jan gari ya rufe masa gemu. Na sha jabanata a hankali, ban bar ko ɗaya ya fashe ba tare da na gani ba. Da aka kai ƙofofin wuta, na tashi na sa hannu a ciki. Sanyi ƙalau.

Kafin damira ganuwar ta zagaye kusurwar kudu, ta rufe bakin tsohon ramin. Wannan ɓangaren ya fi sauran ja, har yau ana gane shi daga cikin kwalekwale. 'Yata ta sa aka dasa bagaruwa a bayansa, ita da niyyarta. Mutanen ƙauyukan gaba suka fara zuwa tambayar yadda ake kwaɓin, wasu suna tambayar ko da wata addu'a ta musamman.

Bulo na ƙarshe na ce ba a kusurwarsa za a sa ba. Na nuna wurin da ya fi kusa da inda mahaifina ya kwanta, ko da yake ainihin wurin yana can cikin ruwa. Mutum biyu ke ɗaukar irinsa. Taubashina ya kama gefe, na kama gefe, muka sauka matakalar muna nishi kamar tsofaffin jakuna, muka zaunar da shi. Muka ɗaga hannu muka yi wa mahaifina addu'a, fuskarmu ga ruwan da ya tafi da shi.

Da muka shafa, ya ce, “Malam, na biya?”

Na dube shi sosai. Na nemi abin nan da ke cikin ƙirjina tun shekarar fetur, na laluba, ban same shi ba.

Na ce, “Ka biya. Ɗauko mini takalmina can sama, bawa.”

Ya tsaya kamar bai ji daidai ba. Sannan ya goge ido da bakin rawani, ya kama hawa yana cewa, “Ubangidan da ya talauta bawansa, da wa zai ci tuwo? Ko akuya har yau ba ka iya ɗaurewa ba.”